Rigakafi da Fiɗiyar Karnuka: Aikin Wa Ne?

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kare ba abin ado ba ne. Mafarauci yana shiga daji da shi. Makiyayi yana barin shi gadin garke. Manomin da gidansa ke gefen gari kuwa, haushin kare ne ke farkar da shi idan baƙo ya nufo gidan da dare. Yawancin masu karnukan nan talakawa ne.

Matsalar ita ce karya tana da yawan haihuwa. Wata biyu take ɗaukar ciki, kuma takan haihu har sau biyu a shekara. Mai gidan da ke fama da tuwon iyalinsa ba zai iya ciyar da 'yan kwikwiyo shida ba. Sai ya kyautar da ɗaya, ya saki sauran. Su ne ke yawo a juji da bakin mahauta, ba mai su, ba wanda ya yi musu allura.

Daga nan ciwon haukan kare yake samun hanya. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta ciji mutum, cutar za ta bi jijiya har ta kai ƙwaƙwalwa. Da zarar alamu sun fito, kamar tsoron ruwa da fizge-fizge, kusan ba a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Cikin kowane goma da ake zaton mahaukacin kare ya cije su, huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Magani iri biyu ne, kuma kada a haɗa su. Na farko allurar rigakafi. Ana yi wa kare tun yana wata uku, a maimaita duk shekara. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka bakwai cikin goma allura a yanki, ciwon zai daina yaɗuwa. Ba sai an je ƙasar waje ba: cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki a can tun 1924, tana yin wannan allura.

Na biyu hana haihuwa. Makiyaya sun san dandaƙar sa da bunsuru tun kaka da kakanni. Na kare ya bambanta. Likitan dabbobi ne zai sa masa maganin barci, ya yi masa fiɗiya. Karya kuwa tiyata ake yi mata a cire mahaifa, aikin da ya fi wuya, ya fi tsada. Ba aikin reza a bayan gida ba ne. Fiɗiya ba ta hana ciwon hauka. Amfaninta shi ne rage karnukan da ba su da mai su, yadda allura za ta wadatar.

To, wa zai biya? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A cikinsu akwai sa ido kan kiwo da zirga-zirgar dabbobin da ake ajiyewa a gida, irin su kare da kyanwa. A watan Yuli na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka mutanen gari suna da hujjar tambayar kansilansu ko an ware wa wannan aiki wani abu a kasafin kuɗi. Wanda bai iya sayen maganin zazzaɓi ba, ba zai kai karya tiyata da kuɗinsa ba, alhali karen da ya haukace ɗan kowa yake cizo.

An gwada a wasu wurare. A birnin Jaipur na Indiya, tun 1994 ake kama karnukan titi, a yi musu fiɗiya da allura, a mayar da su unguwarsu. Mutuwar mutane daga ciwon ta ragu ƙwarai a inda aka yi aikin. A 2001 Indiya ta kafa doka da ta ɗora shi a kan hukumomin gari. Karkashe karnuka kuwa bai taɓa kawar da ciwon ba, don wasu ne ke shigowa su maye gurbi.

Idan kuɗi bai isa duka biyu ba, allura ce gaba, don ta fi araha kuma ita ke tsare rai. Malamin dabbobi ɗaya da babur da akwatin ƙanƙara zai iya gama ƙauye a yini, idan mai unguwa ya sa an yi shela. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ta dace da irin wannan fita.

Wanda kare ya ciza, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15. Kada a ɗaure shi, kada a tsaya shafa magani a gida. A kai shi asibiti a ranar, a karɓi allurai har su cika.