Ciwon Damuwa Kan Sauya Kama Idan Shekaru Suka Ja

A gidaje da yawa akwai irinsa: dattijo ya yi ritaya, bayan 'yan watanni ya daina fita majalisa bayan la'asar. A kawo tuwo ya yi loma biyu ya ture, tun kafin kiran assalatu idonsa biyu. Iyali sai su ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kashi 5.7 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da shi. A Najeriya, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun bincika tsofaffi 2,152 'yan shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2007 ya nuna kashi 26 cikin ɗari sun taɓa kamuwa, kuma ya fi yawa a mata da mazauna birni.

Mata kan shiga haɗari sosai lokacin da al'ada ke shirin ɗaukewa, wajen shekara 45 zuwa 55. Sinadaran jiki na hawa da sauka, barci ya gagara, ga hidimar 'ya'ya, ga jinyar iyaye. Binciken SWAN na Amurka ya gano haɗarin kan ninka biyu zuwa huɗu a wannan gaɓa. Namiji kuwa da wuya ya buɗe baki. Sai faɗa, sai keɓe kai. A Amurka, yawan kashe kai ya fi tsanani a maza 'yan 75 zuwa sama.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne tsoho bai cika cewa ransa a ɓace yake ba. Jiki yake kuka da shi: ciwon baya, kasala, nauyin ƙirji, mantuwa. Sai a yi ta saya masa maganin maleriya da taifod a kemis, ko a ce rikicin tsufa ne ya kama shi. Wannan babban kuskure ne, musamman ga mai ciwon suga ko wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, domin su ciwon ya fi kamawa.

Duk wanda ya ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun yi mako biyu cikin wannan hali, ya daure ya kai su wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri.