Masu Juya Littafi Ya Koma Fim

A Fadan Kagoma, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jama'a, Hausa ce harshen kasuwa da tasha, kuma da ita ake wa'azi a coci-coci da yawa. Shi ya sa finafinan Kano suka samu gindin zama, ko a talabijin ko a wayar da aka kai wa masu turi suka cika. Mai kallo ya san jarumi, wani lokaci har da darakta. Wanda ba a cika tambaya ba shi ne mutumin da ya zauna da littafi mai shafi ɗari biyu ya tace shi har ya zama abin kallo na awa biyu.

Sana'ar ta girmi Kannywood. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. Na ƙarshen nan Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Aiki ne ja, domin labarin ya ratsa Sahara da ayari da cinikin bayi, abubuwan da marubuci zai ambata a layi guda amma mai fim sai ya nemo raƙuma da mutane. Fim ɗin ya yi shekaru ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a Legas aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Gidan talabijin na NTA Kaduna ma ya sa labaran Magana Jari Ce a allo a shekarun 1980.

Da kaset ɗin bidiyo ya zo, sai marubutan littattafan soyayya na Kano suka shigo da ƙarfinsu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, ya mayar da shi fim a 1994. Tsuntsu Mai Wayo na Bala Anas Babinlata, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu duk sun bi wannan hanya. Lissafin furodusa a bayyane yake: littafin da ya riga ya zaga ɗakunan mata da shagunan haya ya zo da 'yan kallonsa.

To, yaya ake aikin? Marubucin fim yakan karanta littafin ya maimaita, sannan ya fitar da ƙashin bayan labarin a takarda ɗaya ko biyu: wa ke neman me, wa ya tare masa hanya. Daga nan sai ya yayyanka shi sin-sin, kowane da wurinsa da lokacinsa, ciki ne ko waje, dare ne ko rana. A ƙa'idar da aka saba, shafi ɗaya na sikirif yakan ci kusan minti ɗaya a allo. Don haka yanka ya zama dole. Ƙawaye uku su dunƙule su zama ɗaya, tafiyar da aka yi zuwa Jidda ta koma hira a falo, shekara goma ta wuce da canjin tufafi.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne wajen zancen zuci. A ce littafi ya ɓata shafi uku yana bayyana abin da ke cin uwargida ranar da za a kai lefen amaryar mijinta. Ɗan koyo zai zaunar da ita a gefen gado ta yi ta magana ita kaɗai. Gwani kuwa sai ya kai ta madafi. Tana tuƙa tuwo, ana wucewa da akwatuna ta tsakar gida. Muciya ta tsaya a hannunta, idonta na bin su ɗaya bayan ɗaya, har ƙauri ya tashi. 'Yarta ta ce, "Umma, tuwon yana kamawa." Ta amsa, "Na gani." Shafi uku sun tafi, ba a rasa kome ba.

Sana'ar ba ta rasa ciwon kai. Furodusa zai ce kasafi ba zai ɗauki lokeshan goma ba. Jarumi ya manta layinsa ya ƙago nasa. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001, kuma abin da ya wuce lafiya a takarda ba lallai ya wuce a allo ba. Ga masu karatu, waɗanda kowa ya riga ya zana jarumar a ransa, da an haska fim sai ka ji, "Ai ba haka take a littafi ba." Sai batun haƙƙin mallaka, inda marubuta suka daɗe suna kukan ana ɗaukar labarinsu a sauya sunaye ba ko sannu.

Wannan na cikin abin da ya sa marubutan suka koyi aikin da kansu. Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih sun fito ne daga rubutun littafi kafin su shiga rubuta shirye-shiryen tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Maimuna Idris Sani Beli, da ta lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2017, ita ma tana rubuta fim. Shirye-shirye masu dogon zango da ake sakawa a YouTube sun ƙara buɗe kasuwar, tunda yanzu littafi na iya shimfiɗa ƙafa a kashi ashirin ko fiye.

Matashin Fadan Kagoma da ke sha'awar sana'ar ba ya buƙatar kyamara tukuna. Akwai reshen ɗakin karatu na Jihar Kaduna a Kafanchan, akwai masu sayar da littattafai a kasuwa. Ya nemi littafin da ya ci gasa, ya karanta, ya kalli fim ɗinsa in akwai, ya rubuta abin da aka cire da dalilin cirewa. Sannan ya waiwayi gida. Tatsuniyoyin Gwong, wato mutanen Kagoma, tarihin ma'aikatan jirgin ƙasa da suka raya Kafanchan, rayuwar manoman citta, duk labarai ne da masu fim na Kano ba su san su kamar shi ba. In shi bai rubuta su ba, da wuya wani ya taso daga nesa ya rubuta masa.