Fushin Birju

Silima ba wasa kaɗai ba ce. Akwai wani fim ɗin Indiya mai suna Mother India, wanda Mehbub Kan ya yi a shekara ta 1957. An daɗe ana nuna shi a gidajen silima na ƙasar Hausa. Ƴan kallo ba su jin Indiyanci, amma sun gane labarin, don zancen gona ne da bashi.

Rada matar manomi ce. Don bikin aurenta, uwar mijinta ta ci bashin rupi 500 wurin Sukilala. Tun daga nan kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu ya zama nasa. Dutse ya murƙushe hannuwan mijin, kunya ta sa ya bar gida. Ruwa kuma ya ci gonar. Rada ta ja garma da kafaɗarta, ta ƙi sayar da mutuncinta don abinci.

Ƴaƴanta biyu sun tashi cikin wahala ɗaya. Ramu ya haƙura. Birju kuwa ya girma da fushi, kuma yana da gaskiya, cutar su ake yi. Amma abin tausayi, ko an buɗe masa littafin bashin, bai iya karanta shi ba. Ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukilala, ya sace ɗiyarsa ranar aurenta, yarinyar da ba ta ci masa kome ba.

Rada ta kira shi, bai tsaya ba. Ta harbe shi, ya cika a hannunta, tana kuka.