Riƙon Kare Mai Firgici Kafin a Sama Masa Gida

A ƙasashen Turai da Amurka, inda aka ɗauki kare tamkar ɗan gida har yana kwana ɗaki ɗaya da iyali, akwai gidajen ceton dabbobi da ke karɓar karnukan da suka ɓata, ko aka yar da su, ko hukuma ta ƙwato su daga hannun masu azabtar da su, sannan su nema musu sababbin iyayengiji. Al'adar ta daɗe, domin tun a 1860 Mary Tealby ta buɗe gidan karnuka a Landan, wanda daga baya aka mayar unguwar Battersea, a 1866 kuma Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, wadda aka fi sani da ASPCA, a birnin New York. Karnuka da yawa ba sa daɗewa a irin waɗannan gidaje, tun da suna tarar baƙo da kaɗa wutsiya, amma akwai waɗanda ke rakuɓewa a lungun keji suna makyarkyata, ba sa cin abinci muddin akwai ido a kansu, kuma masu neman kare sukan wuce su ba tare da sun waiwaya ba. Irin waɗannan ne ake damƙa wa mariƙa, wato masu aikin sa kai da ke ɗaukar kare su zauna da shi a gidajensu na makonni ko watanni, har ya natsu ya iya zama da mutane, sannan a miƙa shi ga wanda zai mallake shi.

Wanda ya ga kare yana rawar jiki haka yakan yanke cewa duka ya sha, kuma wani lokaci hakan ne, domin kare yana koyon tsoro da sauri kuma ba ya mantuwa. Duk wanda ya san karnukan da ke yawo a unguwanni a ƙasar Hausa ya san cewa da zarar mutum ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse sai kare ya ranta a na kare, ko da babu komai a hannun. Sai dai bincike ya nuna cewa rashin sabo da mutane tun ana kwikwiyo shi ma yana haifar da firgici mai wuyar magani. John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin halayyar karnuka a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine, suka kuma buga sakamakonsu a littafi a 1965, sun gano cewa tsakanin mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane da sababbin abubuwa. A wani gwaji da aka buga a 1961, an bar 'yan kwikwiyo da iyayensu mata a cikin fili mai shinge ba tare da cuɗanya da mutum ba, kuma waɗanda suka kai mako 14 a haka sun tashi suna gudun ɗan Adam kamar namun dawa, alhali babu wanda ya taɓa ɗaga musu hannu. Gado ma yana da nasa rabo, domin karya mai firgici takan haifi 'ya'ya masu saurin razana.

Manyan shari'o'i guda biyu a Amurka sun fito da illar rashin sabo da mutane fili. A 2007 aka ƙwace karnuka kusan 50 daga gidan ɗan wasan ƙwallo Michael Vick a jihar Virginia, inda ake haɗa su faɗa don caca, kuma ko da yake an yi zaton sun zama mugaye waɗanda ba su da magani sai kisa, masu duba su sun tarar cewa abin da ya fi damun da yawansu shi ne tsoron mutane, har wasu sukan baje a ƙasa su ƙi motsi idan an fito da su; 22 daga cikinsu aka kai wurin ƙungiyar Best Friends a jihar Utah. A 2022 kuma aka kwashe karnuka kusan 4,000 daga wata cibiyar da ke kiwonsu don gwajin magunguna, ita ma a Virginia, kuma mariƙansu sun sami karnukan da ba su taɓa taka ciyawa ko hawa matakala ba.

Gidan ceto, duk da kyakkyawar niyyar masu shi, wuri ne mai haushi dare da rana, da ƙarar ƙofofin ƙarfe, da baƙin fuskoki. Masana kan auna damuwar dabba ta hanyar kotizol, wani sinadari da jiki ke ƙara fitarwa idan hankali ya tashi, kuma an ga yana hawa sosai a kwanakin farko da shigar kare keji. Wani bincike da masana na Jami'ar Jihar Arizona suka buga a 2019 ya nuna cewa kwana ɗaya ko biyu a gidan mariƙi yana saukar da shi, kare kuma ya sami barci mai tsawo, amma da an mayar da karen keji sai sinadarin ya koma inda yake. Ke nan dogon riƙo ne ke da fa'ida ga kare mai firgici.

Aikin mariƙi a kwanakin farko ya fi karkata ga kame kai. Yakan ware wa karen ɗaki ko lungu mai shiru da shimfiɗa da ruwa, ya riƙa kawo abinci a lokaci guda kullum, ya ajiye ya fita. Idan ya zauna tare da shi, yakan zauna a ƙasa ya ba shi gefen jikinsa, ba ya zuba masa ido, ba ya miƙa hannu ta saman kansa, domin a wurin kare kallon ido cikin ido da sunkuyowa a kansa barazana ce. Yakan jefa ɗan guntun dafaffen nama can bayan karen, don ya ci yana mai nisanta, maimakon a yaudare shi da nama ya matso inda bai shirya zuwa ba, ya haɗiye, sannan ya tsinci kansa dab da abin da yake tsoro. Dole kuma mariƙi ya iya karanta jikin kare: lasar baki ba tare da abinci ba, hamma ba tare da barci ba, kau da kai har farin ido ya bayyana, kwantar da kunnuwa, cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, sai kuma ƙamewa wuri ɗaya, wadda sau da yawa ita ce ke gabatar cizo. Gurnani gargaɗi ne, kuma kuskure ne babba a hukunta kare a kansa, domin abin da zai koya shi ne ya daina gargaɗin, tsoron kuwa yana nan, wata rana sai ya yi cizo ba sanarwa.

Hanyar maganin kanta ta samo asali ne daga aikin Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya nuna cewa dabba tana danganta abu da abin da ke biyo bayansa, da kuma aikin Joseph Wolpe, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu wanda a shekarun 1950 ya tsara yadda ake rage tsoro mataki-mataki. Idan kare yana tsoron baƙi, sai a tsayar da baƙo a nesa, inda karen ya gan shi amma bai rikice ba, a ba shi nama mai daɗi muddin baƙon yana tsaye, da ya ɓace kuma a daina bayarwa. Bayan maimaici mai yawa, ganin baƙo yakan sa karen ya juyo ya dubi mariƙi yana jiran rabonsa, kuma a lokacin ne ake rage tazarar da taku ɗaya ko biyu. Ma'aunin yana da sauƙi: idan kare mai jin yunwa ya ƙi nama, an matso da yawa, sai a ja da baya. Haka ake bi da igiyar wuya, da mota, da taɓa jiki, kowanne daban, domin sabo da ɗaya ba ya wadatarwa ga sauran.

Akwai masu ganin wannan ɓata lokaci ne, gara a ja karen da ƙarfi cikin jama'a a riƙe shi har ya daina turjiya. Yakan daina kuwa, amma shirun nasa ba lafiya ba ce. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun nuna cewa karnukan da aka yi wa azabar da ba su da hanyar kauce mata sukan daina ƙoƙarin gudu, ko da daga baya an buɗe musu hanya, sai su kwanta su jure. Kare da aka tilasta har ya yi laƙwas yana iya zama cikin wannan hali na fid da rai, mai kallo kuma ya ɗauka ya horu. Zalunci ne a kira wannan nasara, kuma ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 cewa a yi horo da lada kawai, a bar duka da shaƙewa da abin wuya mai lantarki.

Likitan dabbobi yana da muhimmin matsayi tun daga farko, domin ciwon kunne ko haƙori ko gaɓɓai yana sa kare ya ƙi a taɓa shi, kuma inda firgicin ya hana koyo gaba ɗaya akan ba da magani irin su fluoxetine, wanda yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki. Zama da wani kare natsattse shi ma yana taimakawa ƙwarai, domin mai tsoron yakan bi shi zuwa wuraren da ba zai je shi kaɗai ba. ASPCA ta fara shirin gyaran irin waɗannan karnuka a New Jersey a 2013, ta buɗe cibiya ta dindindin a Weaverville da ke Karolina ta Arewa a 2018, inda kare kan shafe kimanin mako 13 ana jinyarsa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka shiga shirin sun kai matsayin da za a iya ba da su.

Sauran kuwa ba sa kaiwa, kuma a kansu ake yanke hukunci mai ɗaci, ko dai a ajiye su a wurin kulawa har ƙarshen rayuwarsu, ko likita ya kashe su da allura idan an tabbatar rayuwar ta zama musu azaba ko sun zama haɗari. Waɗanda suka warke ma ba sa zama kamar kowane kare, shi ya sa wajibi ne mariƙi ya faɗa wa mai ɗauka gaskiya: abin da ke razana karen, ko ya taɓa cizo, ko zai iya zama da yara. Sauyin gida yakan dawo da tsoron na ɗan lokaci, kuma a kwanakin farko ne irin waɗannan karnuka suka fi sulalewa ta ƙofa ko su zame daga abin wuya su ɓace, don haka ƙungiyoyi da yawa sukan nemi a ɗaura musu igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ɗamarar ƙirji, su kuma sa sharaɗin cewa idan zaman bai yiwu ba a dawo musu da karen, kada a ba wa wani.