Karatu A Waje Ko A Gida: Wace Takarda Ce Ke Buɗe Ƙofar Aiki?

Babu tambayar da iyaye suka fi yi mana, mu malaman jami'a, kamar wannan: a sayar da gona ko fili a tura yaro ƙasar waje, ko a bar shi ya yi haƙuri da jami'o'inmu na gida? Mai tambayar yakan zo da amsarsa a zuci, domin an daɗe da yarda cewa takardar da ke ɗauke da hatimin wata ƙasa ta fi ta gida ƙima a idon mai ɗaukar aiki. A ganina, wurin da aka yi karatu yana da tasiri, amma abubuwa uku sun fi shi nauyi: ko Najeriya ta amince da makarantar, wane fanni aka karanta, kuma a wane mataki aka fita.

Fifita karatun waje yana da tushe a tarihi. Lokacin da aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, babu jami'a ko ɗaya a ƙasar nan. Sai a 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, a 1962 kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A wancan zamani duk wanda ya haye teku ya dawo, aiki ne ke jiransa. Yau jami'o'in Najeriya sun haura 250, kuma kalmar "waje" ta haɗa fitattun jami'o'in duniya da waɗanda ba su wuce shagon sayar da takarda ba.

Wannan ya fito fili a ƙarshen 2023, sa'ad da ɗan jarida Umar Audu ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Abin takaici, matakin ya shafi har waɗanda suka zauna a aji suka yi karatu na gaskiya, iyayensu kuma suka biya da gumin goshinsu.

Ko da makarantar sahihiya ce, akwai sana'o'in da takardar waje ba ta isa ita kaɗai ba. Wanda ya karanta likitanci a Sudan, Masar ko Yukren, sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci ta Najeriya kafin ya taɓa majinyaci, kuma da yawa sukan maimaita ta. Wanda ya karanta shari'a a waje, sai ya yi wani zangon share fage a Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya haɗu da takwarorinsa na gida. Dalili a bayyane yake: likitan da bai saba da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da sikila ba, da lauyan da bai karanta dokokin filaye da gado na ƙasar nan ba, kowannensu da sauran karatu a gabansa.

Sai maganar kuɗi. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Uban da ya yi lissafin shekara huɗu ya wayi gari kuɗinsa ba su kai na shekara biyu ba. Na ga ɗaliban da suka dawo daga aji uku hannu rabbana, suka sake farawa daga tushe. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a 2023 su ma sun koro ɗalibanmu da dama ana tsakiyar karatu.

Duk da haka, ba zan yi wa jami'o'inmu kwalliyar da ba tasu ba. Yajin aikin ƙungiyarmu ta ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayan na 2020 da ya kai kusan wata tara. Matashin da digirinsa na shekara huɗu ya koma shida, yakan tarar ya wuce shekarun da bankuna da manyan kamfanoni ke ɗaukar sabbin ma'aikata. Ɗakunan gwaje-gwajenmu da yawa ba su da kayan aiki na zamani, ga matsalar lantarki. Mai neman digiri na biyu ko na uku a injiniyanci, kimiyyar ƙwayoyin halitta ko fasahar kwamfuta, idan ya samu tallafi, fitarsa alheri ce. Tafiya mabuɗin ilimi ce, in an san abin da aka je nema.

Shi ya sa nake cewa fanni da mataki su ne ma'auni. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi digirinsa na farko a Lancaster ta Ingila, amma a Zariya ya yi na dakta a kan tarihin Katsina, domin a nan rubuce-rubucen da dattawan da suka san labarin suke. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa kuwa a Zariya ya yi digirinsa na farko da na biyu. Akwai kuma wata riba da digirin farko a gida ke bayarwa wadda ba a rubuta ta a takarda: abokan aji da malamai. Su ne gobe za su sanar da kai an buɗe gurbi, su ne za su tsaya maka shaida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Gwamnatoci ma suna da darasi a nan. Hukumar TETFund ta dakatar da tura malaman jami'a karatu waje daga farkon 2025, saboda tsada da kuma yawan waɗanda suka ƙi dawowa. Jihohin da ke tura ɗaruruwan matasa waje, kamar Kano, sun yi abin yabo, sai dai ya kamata tun kafin jirgi ya tashi a san asibitin, ma'aikatar ko jami'ar da za ta karɓe su. Wanda aka horar da na'urar da babu irinta a nan, ko dai basirarsa ta dushe, ko ya koma inda ya fito.

Na sha zama a kwamitin tantance masu neman aikin koyarwa. Sunan jami'a yakan ja hankali a minti biyar na farko. Daga nan sai a ce wa mutum ya tashi ya yi bayanin bincikensa. A nan ake bambance mai ilimi da mai takarda, kuma kowane ɓangare yana da duka biyun.

Saboda haka, kafin a kira dillalin fili, uba ya zauna da ɗansa su amsa tambayoyi uku. Shin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar da ke kula da sana'ar sun amince da makarantar? Shin abin da za a karanta babu shi a gida da inganci? Shin akwai kuɗin kammalawa ko da naira ta sake faɗuwa? In ɗaya daga ciki ta gagara, a bar yaro ya yi digirin farko a gida, ya dage ya fita da sakamako mai kyau, domin da shi ake neman tallafin karatun gaba a ko'ina cikin duniya.