Makomar Koyar da Sana'o'i a Jihohin Arewa: Tsakanin Makaranta da Rumfar Maigida

Gabatarwa

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu duba yadda ake koyar da sana'o'in hannu a jihohin Arewacin Nijeriya, mu ga inda aka fito, sa'an nan mu yi hasashen inda aka dosa. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu kuwa wani al'amari ne da kowa a wannan zaure ya sha gani. A garin da samari suka cika majalisu don rashin aikin yi, a nan ne kuma mai gini yakan rasa wanda zai shimfiɗa masa tayil daidai, har sai an ɗauko masa ma'aikata daga Togo ko Jamhuriyar Benin. Ra'ayinmu shi ne, asalin wannan cuta rabuwa ce da aka yi tsakanin takardar shaida da ƙwarewa: mai takarda bai iya aiki ba, wanda ya iya aiki kuwa ba shi da takarda.

Gado da Haye

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da tsarinta na koyar da sana'a. Yaro yakan tashi a maƙera ko majema ko karofi, ya fara da zuga zugazugi ko ɗebo ruwa, ido na gani hannu na koyo, har ranar da za a amince ya kama aiki shi kaɗai. Wanda ya tarar da sana'a a gidansu shi ne ɗan gado, wanda ya shigo daga waje kuwa ɗan haye. Kowace sana'a tana da shugaba wanda Sarki ya naɗa, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Fawa, shi ke raba gardama, shi ke tsawata wa mai ha'inci. Watau dai akwai mai koyarwa, akwai mai tantancewa, akwai kuma kasuwa tana jira. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Amma kada mu yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba. Yana da rowar ilmi, don maigida yakan ɓoye sirrin sana'a sai ga ɗan cikinsa. Yana kuma tafe da bambancin daraja, har wasu gidaje kan ƙi ba mahauci ko majemi aure komai dukiyarsa. Wannan ƙyama ba ta mutu ba, sauya riga kawai ta yi, kamar yadda za mu gani.

Sana'a a Makarantar Boko

Sa'ad da Hans Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nasarawa ta Kano a 1909, akwai sashen sana'a a cikinsu, kuma masu sana'a na gari suna cikin masu koyarwa. Sai dai abin da Gwamnati da En'e suka fi bukata shi ne malamai da akawuna, saboda haka girma da albashi suka bi alƙalami. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe cibiyoyin koyon sana'a a Kaduna da Bukuru, a 1956 kuma aka kafa makarantar fasaha ta Kaduna wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968. Lokacin nan koyon sana'a a makaranta yana da ma'ana a fili, domin masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, ga kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Yaro ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ran da ya gama.

A kan wannan fata aka gina hukumomi: Asusun ITF a 1971, Hukumar NBTE mai kula da ilmin fasaha a 1977, Hukumar samar da aikin yi ta NDE a 1986, da Hukumar jarrabawa ta NABTEB a 1992. Babban yunƙuri shi ne tsarin 6-3-3-4, wanda Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta zo da shi, aka fara aiki da shi a 1982. Nufinsa kowane yaro ya taɓa zarto da guduma a ƙaramar sakandare, ta yadda wanda bai zarce ba zai fita da abin yi. An yi odar injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, amma da yawansu sun ruɓe a cikin akwatunansu, domin an kai su makarantun da ba su da lantarki, ba su da ɗakin aiki, ba su da malamin da ya san yadda ake tada su. Aka koma koyar da walda da alli a kan allo.

Sa'an nan ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa suka rufe. KTL ta tsaya a 2002, sauran masaƙu suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Makarantun fasaha suka ci gaba da yaye ɗalibai domin masana'antun da babu su. Iyaye kuwa sun daɗe da gane cewa makarantar sana'a wurin wanda ya faɗi jarrabawa ce, ga shi kuma an daɗe ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ƙarin girma a aikin Gwamnati. Tsohuwar ƙyamar nan ce ta dawo sanye da rigar boko.

Inda Ake Koyo a Yau

In muna son gaskiya, yawancin masu aikin hannu a Arewa ba makaranta ce ta koyar da su ba. Kasuwar Panteka ta Kaduna ta koyar da su, ko garejin bakanike, ko shagon tela, ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, inda yaron da bai gama firamare ba yake kwance waya ya gano inda ta mutu. Wannan ita ce babbar makarantar sana'a ta Arewa. Rauninta a bayyane yake. Babu ƙayyadadden lokacin yaye, har maigida kan riƙe yaro shekara da shekaru yana aikensa sayen abinci. Yaro ba ya wuce sanin maigidansa, in maigida ya koyi kuskure, kuskuren za a gada. Ba a koyar da awo da karanta zane, ba a kula da kiyaye lafiya, shi ya sa za ka ga mai walda yana kare idonsa da gilashin rana. A wajen 'yan'uwanmu Ibo akwai al'adar maigida ya sallami yaronsa da jari bayan shekarun da aka yi alkawari; a wajenmu abin ya dogara ga halin maigida kawai.

A ganinmu, makomar koyar da sana'a tana ga haɗa waɗannan gidaje biyu. Hanyar ma an riga an share ta a takarda. A 2013 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da tsarin auna ƙwarewa na ƙasa mai matakai shida, wanda NBTE ke kula da shi, kuma a ƙarƙashinsa ana iya gwada mutum a kan aikin da ya riga ya iya, a ba shi shaida ko da bai taɓa zama a aji ba. Kwalejin Fasaha ta Kaduna ta gwada wannan da masu sana'ar Panteka. Abin da ya rage shi ne kowace jiha ta yi wa masu gida rajista ta hannun ƙungiyoyinsu, a rubuta yarjejeniya mai wa'adi tsakaninsu da iyayen yara, yaro ya yi yawancin mako a rumfa, kwana ɗaya ko biyu a makarantar fasaha yana koyon lissafi da zane. Jamus ta daɗe a kan irin wannan, ko da yake can kamfanoni ne ke ɗauke da yawancin nauyin, mu kuwa ba mu da su da yawa.

A nan ne maganar kuɗi take shigowa. Asusun ITF yana rayuwa ne da kashi 1 cikin 100 na albashin da kamfanoni ke biya, kuma wanda ya biya shi ake mayar wa wani kaso in ya horar da ma'aikatansa. Bakaniken Panteka ba ya cikin wannan lissafi. Muddin jihohi ba su ware nasu kuɗi domin koyo a rumfa ba, yankin da ya fi ƙarancin kamfanoni shi zai fi ƙarancin horo.

Har wa yau, bai kamata Kabi da Filato su koyar da abu guda ba. Inda ake noman rani, kamar Kadawa da fadamun Argungu, abin bukata shi ne mai gyaran injin ban ruwa da injin casar shinkafa. Sakkwato da Kano suna da fata, ga kuma cibiyar binciken fata a Zariya. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, mai haɗa lantarkin hasken rana ya zama abin nema a birni da ƙauye. Mata ma, waɗanda muka tsare a ɗinki da saƙa da yin sabulu kamar ba su iya wani abu ba, babu abin da zai hana su gyaran waya, aikin da ake yi a zaune a cikin gida.

Batun Harshe

Akwai wani gefe da ya shafe mu kai tsaye, mu malaman jami'a da kwalejoji. Bakanike a gareji da Hausa yake koyarwa, yana cewa kafireta da giya da birki da totur, yaro kuwa yana ganewa. Ran da za a gwada wannan yaro sai a miƙa masa takarda da Ingilishi, ya faɗi, a rubuta cewa bai iya ba, alhali abin da aka auna Turancinsa ne. Manufar Ilmi ta 1977 ta yi maganar koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, amma ba ta kai shi ɗakin aiki ba. Muna ba da shawara sassan Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato su shiga Panteka da Ƙofar Ruwa da na'urar ɗaukar magana, su tattara kalmomin da masu sana'a ke amfani da su, maimakon su zauna a ofis suna ƙirƙiro waɗanda ba mai faɗa. Daga nan a rubuta ƙananan littattafai masu zane, da boko da ajami, tun da almajiran da suka cika garejoji da yawansu ajami suke karantawa. Gwajin matakan farko kuma a yi shi da baki da hannu, a gaban malamin kwaleji guda da maigida guda wanda ba shi ya koyar da yaron ba.