Yadda Ake Lissafin Hutun Ma'aikaci

Kai manomin Ɗanbatta, in ka girbe gero da dawa ka cika rumbu, wataƙila ka kan bi hanyar Kano cin rani, ka nemi aiki a masaƙa ko majema a Bompai ko Sharaɗa. To, akwai wani hakki naka da ya kamata ka san lissafinsa tun ba ka tafi ba, watau hutun da ake biyan mutum yana zaune a gida.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta ce duk wanda ya yi wata 12 cur yana aiki wurin ubangida ɗaya, ba yankewa, tilas a ba shi hutun kwana 6 na aiki, da cikakken albashinsa. Ranar da dā ma ba a aiki ba ta shiga cikin shidan nan. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ko da mai koyon sana'a ne, nasa kwana 12 ne. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Ubangida yana iya ƙarawa, amma ba shi da ikon ragewa. Gaskiya kwana 6 kaɗan ne, gama a Nijar, nan arewa da mu, kowane wata ana lissafa wa ma'aikaci kwana biyu da rabi.

Ga yadda ake lissafin kuɗin. A ce ladanka naira 3,000 ne kowace rana, kana aiki kwana 6 a mako, watau naira 18,000 ke nan. Ita za a ba ka ka tafi hutu. Amma ka lura, tsurar albashi kaɗai ake dubawa. Kuɗin mota, da na abinci, da na aikin da ka ƙara bayan lokacin tashi, duk ba su ciki.

Sai ka ce, ni da zan koma gona da faɗuwar damina, ina ruwana da hutun shekara? Da ruwanka ƙwarai. In ka bar aiki bayan ka cika wata 6, ko da ba ka kai 12 ba, za a biya ka gwargwadon watannin da ka yi. A raba albashin mako ɗaya kashi 12, kowane wata ya sami kashi guda. Naira 18,000 in an raba ta haka, kowane kashi 1,500 ne. Wanda ya yi wata 6 yana da 9,000, mai wata 9 kuwa 13,500. Amma mai wata 5 da kwana 20 ba shi da ko kwabo. Saboda haka in ka kama aiki ran 1 ga Nuwamba, hadarin farko kada ya ruɗe ka. Ka daure har Afrilu ya ƙare, sa'an nan ka yi sallama. Tun da yanzu ka iya rubutu, rubuta ranar da ka fara aiki, ka adana takardun biyanka, don ranar gardama su ne shaidunka.

In kai da ubangidanka kun yarda, ana iya ɗage hutu a haɗa na shekara biyu, amma ba a wuce wata 24. Kuma muddin kana cikin aikin, haram ne ya ba ka kuɗi maimakon hutun. Kwanakin ciwo dabam suke, har 12 a shekara da albashi, in likita ya ba da takarda.

Ɗan ƙwadagon da ake sallama kullum da yamma, yau gonar wannan gobe ta wancan, lissafin nan bai shafe shi ba. Ma'aikatan gwamnati kuma da tasu ƙa'idar. Wanda aka danne wa hakkinsa sai ya ɗauki takardunsa ya kai ƙara ofishin ƙwadago a Kano.